Malam Tafireta Ya Jera Maki

Ba sunan yanka ba ne, amma ko maiɗakinsa idan ranta ya ɓaci da shi take kiransa. Malam Tafireta ya samo sunan ne daga injin buga rubutun da ya ƙarar da rayuwarsa a gabansa, tun gashin baki yana tsiro masa har furfura ta cinye gefen kansa. A wata makarantar kuɗi yake aiki, mai bene hawa ɗaya da filin wasan da bai fi tsakar gida ba. Shi ke buga takardun jarrabawa da wasiƙun iyaye, kuma shi ke tara yara a wani ɗaki mai tsofaffin tafiretoci yana koya musu ɗora yatsu. Siriri ne, mai tsabta, mai son komai ya zauna a kan layi. Idan ya buga takarda ya ga harafi ɗaya ya karkace, zare ta yake ya sake daga farko, ko da mai ita yana tsaye a kansa yana duba agogo.

Albashin ba abin a zo a gani ba ne, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Abin da ya ɗaure shi a makarantar shi ne 'yarsa Auta. Yayyenta duk sun tashi sun kama gabansu ba tare da karatu ya yi nisa ba, ita kuwa ta zo a makare, amma ta zo da kai. Dokar makarantar ta ce kowane ma'aikaci yana da gurbin ɗa guda da zai yi karatu kyauta, muddin uban yana bakin aiki, kuma muddin yaron bai faɗa cikin biyar ɗin ƙarshe na ajinsa zango biyu a jere ba. Sharaɗi na biyu bai taɓa hana Malam barci ba, don Auta ba ta taɓa wuce ta uku ba. Na farkon ne ya fara rawa ranar da Hajiya mai makaranta ta dawo daga taron masu makarantu.

Hajiya ba ta zuwa taro ta dawo lafiya. Wata shekara ta dawo ta sauya wa yara kalar safa, wata shekara ta sa aka koya wa mai gadi sara wa iyaye. Wannan karon ko jaka ba ta ajiye ba ta sa aka kira Malam.

"Malam, duk makarantar da ta san kanta yanzu kwamfuta ce ke fitar mata da sakamako. Mu kaɗai muka rage muna dukan ƙarfe kamar maƙera."

"Ranki ya daɗe, ai ƙarfen bai taɓa ba mu kunya ba."

"Ni ya ba ni. A gaban mutane aka tambaye ni wace manhaja muke amfani da ita, na ce Malam. Tafiretocin nan na riga na yi magana da mai sayen tsofaffin ƙarafa. Akwai wani abu a cikin kwamfuta da ake kira jadawali, ka zuba masa maki ya jera maka yara da kansa. Ka koye shi kafin jarrabawar ƙarshen zango. In kuma ba za ka iya ba ka faɗa min da wuri, masu nema suna nan."

Malam ya fito daga ofishinta. Ba tafiretocin ne suka fi tsaya masa a rai ba, ko da yake ya yi kewarsu. Ta tagar wani aji ya hango Auta a kujerar gaba, ta ɗaga hannu har tana ɗan tashi daga zaune don a kira ta, sai tsoro ya kama shi sosai.

Wurin koyon wani shago ne tsakanin mai faci da kantin magani. Mai shi babban mutum ne mai teɓa, wanda ya laƙaba wa kansa Furofesa, kuma da yake babu wanda ya yi musu sunan ya zauna. A allon ƙofarsa an rubuta cewa ilimin jadawali mataki uku ne: na 'yan koyo, na matsakaita, da na ƙwararru. Kowane mataki da kuɗinsa da satifiket ɗinsa. Furofesa yana tsaron iyakar matakan nan fiye da yadda ake tsaron iyakar gona. Idan ɗan mataki na ɗaya ya yi tambayar da ta leƙa na biyu, sai ya yi murmushi ya kaɗa yatsa ya ce, "Wannan na gaba ne." Akwai wadda ta taɓa tambayarsa yadda ake kashe kwamfutar, ya tsaya ya yi tunani tukuna kafin ya yarda ya nuna mata.

A mataki na ɗaya Malam ya sha wuya. Yatsun da suka saba da ƙarfe ba su san lallaɓa ba, cikin mako guda ya ɓalle harafi biyu daga kibod, Furofesa ya sa a lissafinsa. Maus kuwa, ɗan abin nan da ake turawa da hannu, ya ƙi shi ƙiri-ƙiri: ya tura shi gabas, kibiyar da ke fuskar kwamfuta ta yi yamma, ya kai ƙarshen tebur kibiyar ba ta kai inda yake so ba, sai ya ci gaba da turawa a kan cinyarsa. 'Yan matan da suke koyo tare suna danne dariya da gefen mayafi, shi kuwa ya yi kamar bai gani ba.

Amma ranar da aka buɗe masa jadawalin kansa, sai wani abu ya kwanta masa a rai. Ga gidaje nan reras, layukan tsaye da na kwance, babu wanda ya karkace, babu wanda ya shiga gonar wani. Duk shekarun da ya yi yana auna tazara da ido yana jan layi da rula, ashe akwai inda aka riga aka ja su tun kafin ya zo. Ya koma gida ya samo bayan kwali ya zana gidajen, bayan cin abinci ya baje shi a tabarma yana danna su da yatsa yana kiran sunayensu.

Maiɗakinsa ta leƙo ta ce, "Malam, in ka gama gina gidajen, a ba mu ɗaya mu bar haya."

"Ki yi ta dariya. Wannan kwalin shi ne karatun 'yarki."

Ya ci mataki na ɗaya, aka ba shi satifiket mai zanen kwamfuta tana murmushi. A mataki na biyu aka koya masa fomular haɗa lamba. Ya ga ta haɗa lambobi hamsin kafin ya ƙifta ido, bai yarda ba, ya zaro kalkuleta daga aljihu ya bi ta a baya. Amsa ta zo daidai, amma duk da haka bai saki jiki ba, a ganinsa abin da aka yi da sauri haka dole akwai ranar da zai yi tuntuɓe. Aka koya masa shafa wa gidaje kala, ya shafa wa komai kala. Daga ƙarshe aka zo kan abin da ya kawo shi, wato jerawa. Furofesa ya zuba lambobi barkatai a layin tsaye guda ɗaya, ya zaɓe shi, ya danna wani maɓalli, sai ga babba a sama, ƙarami a ƙasa, kowa ya kama matsayinsa ba gardama.

Malam ya ce, "To idan akwai wani layin a gefensa fa?"

Furofesa ya kaɗa yatsa. "Layi biyu na ƙwararru ne, Malam. Kada ka yi gaggawa."

Jarrabawa ta zo ta wuce. Hajiya ta ba da sanarwa cewa daga yau ba a mayar wa yara takardunsu, komai ya koma kwamfuta. Kowane malami ya kawo makin darasinsa a rubuce, aka kulle takardun amsa a sito. Malam ya haɗa wa kowane yaro jimillarsa da kalkuleta, don a nan ne zuciyarsa ta fi natsuwa, sannan ya buɗe jadawali ya yi layi biyu: sunaye a hagu, jimilla a dama.

Sai dai jerin sunaye a wannan makaranta ba abin wasa ba ne. Ba da harafi ake jera su ba, da daraja ake jerawa. A kowane aji 'ya'yan Hajiya da na danginta ne a sama, sai 'ya'yan manyan da ake buɗe wa babban get, sai na masu sauke yara a babur, sai can ƙasa 'ya'yan ma'aikata. An taɓa samun wata sabuwar malama da ta jera su da harafi, har ɗan direba ya hau kan ɗan mai motar, ba ta ƙarasa zangon ba. Shi ya sa ranar da Hajiya ta miƙa wa Malam mukullin ɗakin kwamfuta ta ja kunnensa da abu ɗaya: "Ka yi duk abin da za ka yi, amma kada ka kuskura ka taɓa min jerin sunaye."

Malam ya zaɓi layin maki kamar yadda aka koya masa, ya yi bisimilla ya danna. Sai wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar, irin wanda bai taɓa fitowa a shagon Furofesa ba. Ya gyara tabarau ya karanta a hankali. Tambayarsa ake: akwai wani layi a gefen wanda ka zaɓa, a haɗa da shi, ko a tsaya a kan wanda ka zaɓa kawai? Ya ɗauki waya ya kira Furofesa.

"Akwati ko? Malam, ai ka shigo mataki na uku ta taga. Ka zo ka yi rajista, duk za mu yi bayaninsa."

"Yau ake son sakamakon."

"To Allah ya ba da sa'a."

Malam ya ajiye waya ya yi tunani irin na mutum mai hankali. Layin da ke gefe shi ne na sunaye. An ce kada a taɓa sunaye. Shi kuma maki aka ce ya jera. Ya ma ji daɗin ladabin na'urar, da ta tsaya ta nemi izini kafin ta taɓa abin da ba a ba ta ba. Ya zaɓi a tsaya a kan maki kawai. Nan take makin suka jeru, babba a sama, ƙarami a ƙasa, sunaye kuwa suna inda suke ko motsi ba su yi ba. Ya yi wa sauran azuzuwan haka, ya sa firinta ta fitar, ya kai wa Hajiya da hannu biyu ba tare da ya tsaya karantawa ba, don shi a wajensa aikin mai bugu ya ƙare idan layi ya miƙe.

Hajiya ta fara da ajin ɗanta, wanda kowa ke kira Shalele, ajin da Auta take ciki. Ta kalli takardar, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Shalele yaro ne mai kirki da son ƙwallo, wanda tunda ya shiga makarantar uwarsa bai taɓa matsawa daga tsakiyar aji ba sai dai ƙasa. Yau ga shi na ɗaya, da tazara mai faɗi.

Ta dafe ƙirji ta ce, "Na faɗa! Na sha faɗa cewa malaman nan danne min yaro suke don kada a ce sun yi son kai. Ga shi an samu wadda ba ta tsoron kowa."

Aka manna sakamakon a allon sanarwa. A kowane aji, wanda ya fi daraja shi ya fi maki, har ƙasa, babu ko tangarɗa ɗaya. Malamai suka taru suna kallo. Malamin lissafi ya san abin da ya ba Shalele, amma ya ce a ransa ƙila a sauran darussa ne yaron ya yi abin kirki. Malamar kimiyya ma haka ta ce a nata ran. Kowa ya san nasa kawai, kowa ya kyautata wa sauran zato. Malamar ajin ce kaɗai ta buɗe baki, ta waiga ta ga Hajiya tana share hawaye tana kiran 'yan'uwa a waya, sai ta mayar da bakinta ta rufe. Iyaye masu motoci suka yi ta sa wa makarantar albarka. Masu babura kaɗan suka zo da ƙorafi, aka nuna musu ƙofar ɗakin kwamfuta daga nesa aka ce can aka yi, suka juya.

Malam ya zo daga baya yana karɓar gaisuwa, ya bi da yatsa har ƙasa inda sunan Auta yake kullum, bai ga ta ɗaya ko ta biyu a gaban sunan ba. Ya sake dubawa. Ta ƙarshe.

A gida bai ɗaga murya ba, gara ma da ya ɗaga. Ya zaunar da ita ya ce, "Ni da furfurata ina can 'yan mata suna min dariya saboda ke, ke kuma kina nan kina wasa. Kin tozarta ni."

Auta tana kuka ta ce, "Wallahi Baba na yi karatu. Na amsa duka."

"Amsawa daban, ci daban."

Uwar ta ce, "Malam, yarinyar nan ba ta taɓa wuce ta uku ba. Ka sake dubawa mana."

"Ni za ki koya wa? Satifiket biyu gare ni."

Duk da haka washegari ya duba, don a yi masa adalci. Ya kunna kwamfuta ya bi layin maki daga sama har ƙasa, ya ga kowace lamba ta fi ta ƙarƙashinta. Babu kuskure ko ɗaya. Ya kashe ya fito da baƙin ciki, aka miƙa masa takardar gargaɗin Auta ya buga da hannunsa, tunda shi ke buga wasiƙu.

Sabon zango ya zo wa Malam da ɗaukaka. Hajiya ta naɗa shi shugaban sashen kwamfuta, sashen da shi kaɗai ne a cikinsa, ta sa aka kafa masa fanka, ta kuma ce ita za ta biya masa mataki na uku. Aka buga babban hoton Shalele a ƙyalle da makinsa a ƙasa aka rataya a get, yana riƙe da littafi kamar an ba shi ajiya.

A aji kuwa al'adar makarantar ita ce a zauna bisa matsayin jarrabawa. Shalele ya dawo kujerar gaba, Auta ta koma ta baya, a lungun da ake jingine tsintsiya, bayan wasu dogayen yara biyu da suka tare mata rabin allo. Ta ɗaga hannu kwanakin farko, ba a kira ta ba, don malami ba ya ɓata lokaci a kan ta ƙarshe. Daga baya ta daina ɗagawa. Malamai kuma, da yake babu mai son a ce kwamfuta ta fi shi gane yara, sai idonsu ya buɗe. Suka fara ganin zurfin tunani a rubutun Shalele, inda da suke ganin ƙazanta. A takardar Auta kuma jan biro ya fara samun abin yi. Shi kansa Shalele da ya ga an sa masa ido, kunya ta sa ya fara buɗe littafi. Auta ta koma dawowa gida ta ajiye jaka ta kama wanke-wanke ba a sa ta ba. Uwar tana kallo tana jin zafi, Malam kuwa ya ɗauka nadama ce.

Mataki na uku ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya koyi fomular da ke neman suna a wani shafi ta ɗauko makinsa, ya koyi sa gida ya yi ja da kansa idan lamba ta yi ƙasa, ya koyi zanen da ke nuna hawa da sauka. Har kalkuleta ya fara mantawa a gida. Ana gab da jarrabawa, wata rana da la'asar, Furofesa ya shigo yana shafa teɓa ya ce yau za a yi darasin da ya fi so, wanda ya sa wa suna kuskuren jahilai.

Ya rubuta mutanen gida ɗaya a hagu, daga jariri har kaka, shekarunsu a dama. Ya zaɓi layin shekaru ya danna. Ɗan akwatin ya fito, Malam ya gane shi kamar tsohon maƙwabci.

"To ku duba abin da jahili yake yi," in ji Furofesa, ya zaɓi a tsaya a kan layi ɗaya. "Ga jariri ya zama ɗan tamanin. Ga kaka ta koma wata shida, sai a nemo mata goyo."

Ajin ya fashe da dariya. Malam ma ya yi, har da buga tebur. Yana cikin dariyar ne ya gane abin da ya yi wa makin yara, sai dariyar ta yanke. Gumi ya karyo masa a ƙarƙashin fanka.

Da aka tashi ya tsaya har kowa ya fita. "Furofesa, me ya hana ka faɗa mana wannan tun a mataki na biyu?"

"Haba Malam. In na faɗa a na biyu, me zan koyar a na uku?"

Washegari ya kulle kansa a ofis, ya fito da takardun makin da malamai suka kawo wancan zangon, ya sake zuba na ajin Auta. Wannan karon da akwatin ya fito ya ce a haɗa. Sunaye suka tashi suka bi makinsu. Auta ce ta ɗaya. Makin da ke rubuce a ƙarƙashin hoton Shalele a bakin get, nata ne.

Ya tashi zai tafi ofishin Hajiya, ya kai ƙofa ya tuna cewa in aikinsa ya tafi gurbin Auta ya tafi, ya dawo ya zauna. Ya lallashi kansa da cewa jarrabawa ta kusa, yarinyar za ta koma matsayinta, gargaɗin ya mutu da kansa, kowa ya huta. Tsoro ne, amma ya sa masa rigar dabara, ya yi shiru.

Da makin zango na biyu suka zo, ya yi aikin da ko Furofesa zai sara masa. Fomula ta haɗa, ya bi ta da kalkuleta, ya jera layi biyu tare, ya sake jerawa. Shalele na uku. Gidan Auta ya yi ja da kansa, kamar yadda ya koya masa: ta huɗu daga ƙarshe. Ya nemi kuskure da duk ilimin mataki uku, ya bi gida-gida, yana roƙon Allah ya sa ya yi wauta a wani wuri. Aikin ya fita tas.

Hajiya ta karɓi takardar ta ɓata rai. "Malam, kwamfutar nan lafiyarta ƙalau? Na ga sunaye sun hautsine. Kuma yaya Shalele zai sauko na uku?"

Malam ya rufe ƙofa. Ya faɗa mata komai, ya ajiye mata takarda ta gaskiya ta wancan zangon kusa da wadda aka manna. Ya ce a yi masa duk hukuncin da za a yi, amma gargaɗin Auta na farko ba nata ba ne, don haka bai kamata a kore ta ba.

Hajiya ta duba takardun biyu. Ba ta yi ihu ba. Mace ce da ta san kasuwa.

"Wa ya sani?"

"Daga ni sai ke, ranki ya daɗe."

"To ka saurara. Iyaye sun yi walima, an ba da kyaututtuka, hoto yana get, sababbin ɗalibai sun cika mana aji biyu saboda sakamakon nan. Kana so in tara su in ce musu shugaban sashen kwamfutata bai iya danna maɓalli ba? Kuma ka duba da kyau, ai kwamfutar ba ta yi nisa da gaskiya ba. Ta ce yaron nan yana da ƙoƙari, ga shi na uku da hannunka. Ta ce 'yarka ta yi sanyi, ga shi. Gaba kawai ta riga mu gani."

"Ranki ya daɗe, kujerar baya aka kai ta."

"Zan yafe mata. Zan ce na duba shekarun da ka yi mana, na bar ta ta ci gaba. Kai ma kana nan a kujerarka. Amma maganar nan in ta fita daga ɗakin nan, ko a gidanka ne, ku biyun za ku bi ta." Ta yayyage takardar gaskiyar ƙanana ta zuba a kwando. "Kuma ka nemo yadda za a riƙa fitar da sakamako sunaye suna inda suke. Ba ka ce ka zama ƙwararre ba?"

Akwai yadda ake yi, kuma ya iya. Ya ce to.

Ranar rufe makaranta aka kira Auta ofis, Malam yana tsaye a gefe. Hajiya ta yi mata nasiha a kan illar wasa, ta ce albarkacin mahaifinta ne kawai ya cece ta. Auta ta durƙusa ta yi godiya, muryarta ƙasa-ƙasa. Gurbin da Malam ya yi ta fafutuka a kansa ya tsira, amma bai ji komai ba sai kunya.

Suka kamo hanyar gida da rana tsaka, ita a gaba kaɗan da jaka, shi a baya da sabon satifiket a cikin ambulan. Suka wuce ƙarƙashin hoton Shalele, suka wuce mai faci. Sai da suka kai kwanar layinsu ta rage tafiya.

"Baba, ka yi haƙuri. Na san saboda ni kake ta wahala. Ni dai ina ga ban gado kanka ba ne. Da can ma ƙila malamai ne suke ƙara min don suna jin kunyarka."

Malam ya tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani mai keke ya yi masa tsawa. Ya waiga, babu kowa na makaranta. Ya manta da Hajiya, ya manta da fanka.

"Auta, saurara. Wancan zangon ke kika zo ta ɗaya. Ni na yi kuskure a kwamfuta. Makin da ke jikin hoton can naki ne. Wallahi naki ne."

Ta ɗago ta kalle shi. Ya jira kuka, ko fushi, ko ta tambaye shi dalili, duk ya shirya ɗauka. Sai ta yi ɗan murmushi irin na manya, ta karɓi ambulan ɗin daga hannunsa don kada gumi ya ɓata shi.

"Baba, ba sai ka rantse don ka lallashe ni ba. Na riga na saba."

Ta juya ta ci gaba da tafiya. Ya bi ta a baya yana ta maimaitawa, tana ta cewa to, Baba, har suka isa ƙofar gida.